Kurakuran da ke ɓata aikin faiba a mazubi

Faiba zaren gilashi ne da ake jiƙawa da rezin, wani ruwan gam mai daskarewa. Kuskuren da ya fi yi wa masu aikin faiba ɓarna shi ne zuba sinadarin daskarwa da ka. Rezin foliyesta yana buƙatar wannan sinadarin, mai suna MEKP, kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari, wato mililita 10 zuwa 20 a kowane kilo, kuma da sirinji ake aunawa. In ya yi kaɗan, kayan zai kwana yana danƙo; in ya yi yawa, ya ɗau zafi, ya tsattsage ko ya karkace. Lokacin zafi a tsaya kusa da kashi 1, a dama ɗan kaɗan a faffaɗan kwano, domin a kofi mai zurfi yakan daskare tun buroshi bai gama aiki ba. Shi kuwa efoksi, wani nau'in rezin daban, ba a taɓa ma'aunin da kamfani ya rubuta ko kaɗan. Kada MEKP ya haɗu kai tsaye da kobal, sinadarin da ke hanzarta daskarewar rezin, wuta yake tayarwa, kuma ɗigo ɗaya a ido na iya makantarwa. Tabarau dole ne.

Sai kayan da ya ƙi fita daga mazubi. Sabon mazubi yana son shafin kaki sau biyar ko shida, ana gogewa bayan kowane shafi, sannan a bi da PVA, ruwan da ke hana kaya mannewa da mazubi. A ciro kaya da ƙusar roba ko ta katako, ƙarfe yana karce mazubi.

Jelkot, wato shafin farko a mazubi wanda ke zama fuskar kayan, in ya yamutse kamar fatar kada, ko dai shafin bai yi kauri ba, ko an yi gaggawar ɗora zare. Kaurinsa ya kai kusan rabin milimita, a jira har ya zama ana taɓawa da ɗan danƙo amma ba ya bin yatsa.

Wasu na ganin yawan rezin ne ƙarfi. Ƙarfin a zare yake. Rarar rezin nauyi ce da saurin karyewa. Tabarmar zare mai nauyin giram 450 a murabba'in mita tana shan rezin kusan kilo ɗaya a kowace murabba'in mita. A fara shafa rezin a mazubi, a shimfiɗa tabarma, a riƙa dannawa da kan buroshi, kada a ja, sannan a bi da rola mai tsagi har farin tabo ya ɓace, domin wannan farin iska ce ko busasshen zare. Lungu mai kaifi a fara cike shi da kwaɓin rezin, tabarma ba ta kwanciya a ciki. In kayan mai kauri ne, shimfiɗa biyu ko uku a tsaya ya huce kafin a ƙara.