Kurakuran da ke rushe daula a wasan Total War: Warhammer III, da yadda ake gyara su

Yawancin masu fara wannan wasan kwamfuta na yaƙi da mulkin daula ba a fagen fama suke faɗuwa ba. A kan taswira suke faɗuwa, tun kafin a zare takobi. Kamfanin Creative Assembly na Ingila ya fitar da kashi na uku a watan Fabrairun 2022, sannan a watan Agusta na shekarar ya ƙara babbar taswirar Immortal Empires, wadda ta haɗa ƙasashen kashi ukun wuri guda. Masarautu sun yi yawa a cikinta, kowace da abokanta da maƙiyanta, kuma ana auna ƙarfinka ne da yawan iyakokin da za ka iya tsarewa lokaci guda, ba da yawan garuruwan da ka ci ba.

Babban kuskure shi ne buɗe yaƙi ta kowace kusurwa. Ɗauki Karl Franz, sarkin daular mutane da ke zaune a Altdorf cikin lardin Reikland. Daga gabas akwai Vlad von Carstein da matattun dakarunsa a Sylvania. A dajin Drakwald akwai mutane masu siffar dabbobi. Marienburg kuma, birnin tashar jiragen ruwa mai kuɗi, tana nan kusa tana jan ido. Sabon ɗan wasa sai ya afka wa duk wanda ya ga ya yi rauni, ya wayi gari da rundunoni biyu da iyakoki huɗu. Gyaran shi ne ka fara gama da 'yan tawayen da ke riƙe da garuruwan lardinka, domin sai lardi ya cika a hannunka kake iya kafa masa dokar da za ta ƙara kuɗi ko kwanciyar hankali. Daga nan ka zaɓi maƙiyi ɗaya, ka rufe sauran ƙofofi da yarjejeniyar rashin kai wa juna hari da ta ciniki, musamman da Bretonnia ta yamma da wadannin duwatsu.

Nan ne mutane ke faɗawa rami na biyu, wato amsa duk ƙawancen da aka miƙo musu. Ƙawancen kare juna yana kiranka ne idan an kai wa abokinka hari. Ƙawancen soja kuwa yana janka har cikin faɗan da shi abokin ya tsokano. Ka amsa, ka shiga yaƙin da ba ka shirya ba. Ka ƙi, ƙawancen ya warware, amanarka ta ragu. Wannan ma'auni na amana shi ne abin da na fi ganin ana wasa da shi, alhali kowace masarauta tana dubansa kafin ta sa hannu a takardarka. Wanda ya soke yarjejeniya yau ya kai hari gobe, zai ga har waɗanda ba ruwansu da rigimar sun daina ciniki da shi. In dole ne ka rabu da wani, soke yarjejeniyar, ka jira zagaye goma (zagaye shi ne kowane karo da za ka yi naka motsi a kan taswira, sauran masarautu su yi nasu), sannan ka shelanta yaƙi. Kuma kafin ka ƙulla da kowa, ɗora linzamin kwamfuta a kan alamar ra'ayinsa game da kai, za ka ga dalilan a jere da kore da ja. Abota da maƙiyin maƙwabcinka tana cikin jan, kuma tana taruwa a hankali har ranar da zai shelanta maka yaƙi kana can nesa.

Ba ina cewa a guje wa ƙawance ba ne. A kashi na uku kana iya gina sansani a garin aboki ka ɗauki wasu daga cikin dakarunsa, kana kuma iya ba shi gari a musayar yarjejeniya. Garin da ka ci a ƙasar da yanayinta bai dace da mutanenka ba, kamar hamadar Chaos ta can arewa, ya fi amfani a hannun aboki da zai tsaya tsakaninka da maƙiyi. Riƙe shi da kanka gini mai tsada ne da tawaye a kai a kai.

Sai batun runduna. A yawancin masarautu, kowane sabon jagoran yaƙi da ka naɗa yana ƙara kuɗin ciyar da dukkan dakarunka, ba nasa kaɗai ba. Rundunoni biyar rabi-rabi suna cin baitulmali, ba sa cin yaƙi. Biyu cikakku masu rukuni 20 kowace, suna tafiya kusa da juna don ɗaya ta kai wa ɗaya ɗauki, sun fi su nesa ba kusa ba. A cikin rundunar ma a gauraya: masu mashi a gaba su tare dawakai da dodanni, 'yan baka da 'yan bindiga a baya, igwa ta fara aiki tun daga nesa.

Tafiyar gaggawa cikin ƙasar maƙiya ma tana kashe runduna a banza, domin dakarun na isa a gajiye, kuma idan aka tare su babu damar ja da baya. Kwanton ɓauna ya fi ta riba. Kwamfuta, wadda ke juya sauran masarautun, na son afka wa garin da ta ga babu mai tsaro, don haka ɓoye runduna a daji kusa da shi, ka bar ta ta kawo kanta.

Haɗe wata masarauta cikin taka ta hanyar yarjejeniya abu ne mai daɗi, amma kana gadon rundunoninta da kuɗin ciyar da su, da garuruwan da ba su da ganuwa, da iyakar da ita ce take tsare maka a da. Kafin ka amsa, duba abin da zai rage maka na kuɗin shiga, ka shirya sallamar rundunonin da ba ka bukata a zagayen farko, ka kuma tura cikakkiyar runduna zuwa sabuwar iyakar tun kafin maƙwabcin da ka gada ya iso.