Yadda ake canza wa jita tsirkiya ba tare da an tsinke ta ko an tsone ido ba

Duk wanda ya daɗe yana taɓa jita don nishaɗi ya san wannan cutar. Ka ɗauki jitarka da yamma, ka kaɗa, ka ji sautin ya dusashe kamar an lulluɓe ta da bargo. Maimakon ka dubi tsirkiya, sai zuciya ta raya maka ai jitar ce ta tsufa, ko amfilifayar ce ba ta da kyau, ko kuma feda guda ce, wato na'urar sauya sauti da ake takawa da ƙafa, ta rage kayanka su cika. Kafin ka ankara ka raba dare kana kallon kayan kiɗa a YouTube. Ni ma na yi wannan jinyar. Saura ƙiris in rabu da jitata ta farko, har na fara cigiyar mai saye, sai wani abokina ya ɗaga ta, ya goga yatsa a ƙarƙashin tsirkiya, ya nuna min baƙin dattin da ya kwaso. Ya ce, "Malam, yaushe rabonka da canza waɗannan?" Na ce, "Au, dama ana canzawa?" Har yau bai daina tsokanata da wannan amsar ba.

Tsirkiya mutuwa take yi a hankali. Gumi da maiƙon hannu da ƙura suna shiga tsakanin naɗin masu kauri, tsatsa tana cin sirara, ƙarafan gaɓoɓin wuya kuma suna gogar ta daga ƙasa har ta baje. Daga nan ba ta ƙara amsa amo yadda ya kamata, ba ta kuma zama a saiti. Mai kaɗawa kullum, wata ɗaya zuwa uku ya isa a canza. Mai gumin hannu da yawa ma ba ya kai haka.

Abu na farko, ka san irin jitar da ke hannunka kafin ka sayi komai. Jitar kilasika tsirkiyar nailan take ɗauka. A da da hanjin dabba ake yin ta, sai a ƙarshen shekarun 1940 wani maƙerin jita a Amurka, Albat Ogastin, ya fito da ta nailan ɗin kamfanin DuPont tare da goyon bayan shahararren makaɗin nan ɗan Sifaniya, Andires Segobiya. Kada ka kuskura ka ɗaura wa irin wannan jita tsirkiyar ƙarfe. Nailan shida gaba ɗaya jan da suke yi wajen kilo 40 ne, na ƙarfe kuwa sun haura kilo 70. Jikin da ba a gina shi don wannan nauyin ba, ko dai wuya ya lanƙwashe, ko jaki ya ɓalle daga fuskar jitar. Jaki shi ne katakon nan da tsirkiyoyi ke hawa a kansa a fuskar jita. Jita mai akwati mai tsirkiyar ƙarfe tana son masu naɗin tagulla, za ka ga an rubuta 80/20 ko Phosphor Bronze a fakiti. Na biyun kamfanin D'Addario ne ya fito da shi a 1974, sautinsa ya fi taushi, ya kuma fi jure tsatsa. Jitar lantarki kuwa masu naɗin nikel take so, domin maganaɗisun da ke ɗaukar sauti ba ya jin tagulla sosai.

Sai kauri. Idan ka ji 'yan jita suna cewa "ni goma nake sawa" ko "na koma sha biyu", kaurin 'yar siririyar suke nufi a ma'aunin inci: .010 ko .012. A jitar lantarki an fi amfani da .009 zuwa .042 ko .010 zuwa .046, a mai akwati kuma .012 zuwa .053. Shawarata, ka sayi daidai kaurin da ka tarar a kai. Akwai masu ganin sa tsirkiya mai kauri jarumtaka ce. Yatsunka ne za su biya bashin, wuyan jitar ma sai an sake masa saiti.

Kayan aiki ba su da yawa: filaya mai yanka waya, tsumma mai laushi, fensir, da na'urar saiti ko manhajarta a waya. Idan kana da 'yar robar nan da ake juya kunne da ita, wato abin da ake murɗawa a kan jita don ɗame tsirkiya, aikin zai yi sauri. Shimfiɗa tawul a kan tebur, ka kwantar da jitar, ka tallafe wuyan da wani abu mai taushi.

Yanzu a cire tsofaffi. Ka sassauta kowace tsirkiya har ta saki gaba ɗaya kafin filaya ta kusance ta. Wanda ya yanke tsirkiya tana ɗame, bulala zai sha, a hannu ko a fuska. Kana iya cire duka shida lokaci guda, babu abin da zai sami wuyan, kuma dama ce ta goge dattin da ya taru a gefen gaɓoɓi. Amma idan jitarka ta lantarki tana da jaki mai lilo irin na Floyd Rose, ɗaya bayan ɗaya za ka bi, in ba haka ba ka yini kana kokawa da sifirin. A jita mai akwati, 'yan turaku shida ne ke riƙe gindin tsirkiyoyi a jaki. Ka tura tsirkiyar ciki kaɗan, turken zai saki. Idan ya ƙi, zura hannu ta ramin jitar ka turo shi daga ƙasa. Kada ka sa filaya ka danne katako kana ɓanɓara, tabon ba ya gogewa.

Kafin sababbi su hau, ɗauki fensir ka goga bakinsa a cikin tsagogin ɗan farin ƙashin nan da ke tsakanin wuya da kai. Baƙin fensir santsi ne da shi, yana hana tsirkiya maƙalewa. Wannan ƙarar "ƙis" da kake ji in kana saiti, daga nan take fitowa.

Wurin sa turke ne mutane da yawa ke faɗuwa, don haka bari in ɗan tsaya a nan. Kowace tsirkiyar ƙarfe tana da ɗan zobe a gindinta. Ka ɗan lanƙwasa ta kusa da zoben, ka zura a rami, ka bi ta da turke, tsagar turken tana kallon ramin jitar. Sai ka danne turken da babban yatsa, ka ja tsirkiyar sama da ɗaya hannun har ka ji zoben ya kama. Abin da ake so shi ne zoben ya zame gefe ya maƙale a jikin katakon da ke ƙarƙashin jaki. Idan ya zauna a kan tsinin turke, da ka fara ɗamewa turken zai yi tsalle kamar harsashi. Nawa ya taɓa tashi haka, na shafe rabin sa'a a durƙushe ina lalube a ƙarƙashin kujera, ashe cikin akwatin jitar ya faɗa. Fitar da abu daga cikin jita kuwa, duk wanda 'yar robar kaɗawarsa ta taɓa faɗawa ciki ya san rawar da ake yi: a ɗaga ta sama, a kife, a girgiza, ana leƙe kamar mai duban wata.

Daga nan sai kai. Zura bakin tsirkiyar a hujin sandar kunnenta, ka ja ta miƙe, sannan ka mayar da ita baya kamar santimita 4 zuwa 5. Wannan sakin shi zai zama naɗi. Lanƙwasa bakin da ya fito, ka fara juya kunne, yatsanka yana danne tsirkiyar ƙasa don kowane zagaye ya sauka a ƙarƙashin na baya, kada su hau juna. Masu kauri zagaye 2 zuwa 3 ya ishe su, sirara 4 zuwa 5. Idan kunnuwan uku-uku ne a kowane gefe, tsirkiya ta bi ta ɓangaren tsakiyar kai, ba ta waje ba. Naɗi mai yawa, wanda ya cunkushe kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi, ba ƙarfi yake ƙarawa ba. Shi ne ma ke sa jita ta riƙa kwancewa.

Lissafin tsirkiyoyi yana rikita sabon shiga: ta ɗaya ita ce siririya, wadda ke kusa da ƙasa in ka rungumi jitar, ta shida kuma ita ce mai kauri ta sama. Daga mai kauri zuwa siririya sautukan su ne E, A, D, G, B, E. Ta shida tana kaɗawa sau 82 da 'yan kai a daƙiƙa, ta biyar 110, ta ɗaya kusan 330. Ka tabbata na'urarka tana kan 440, wato ma'aunin sautin A da aka amince da shi a wani taro a Landan a 1939. Wani lokaci yatsa kan taɓa maɓalli ta koma 432 ko 445, ka saita komai tsaf, ka je cikin abokai, kai kaɗai kake wata duniya.

Kullum daga ƙasa ake hawowa zuwa sauti. Idan ka zarce, sassauta ka sake hawowa, domin tsirkiyar da aka sauko da ita kan bar saki a kunne, ta zame daga baya. Kuma don Allah ka bi tsirkiyar da ido har zuwa kunnenta kafin ka juya. Na taɓa kaɗa ta biyu ina murɗa kunnen ta ɗaya, ina mamakin me ya sa allurar na'urar saitin ba ta motsi. Amsar ta zo da ƙara, "tas!", sabuwar tsirkiya ko minti biyar ba ta yi ba. Shi ya sa nake kawar da fuska gefe duk lokacin da nake ɗame siririyar.

In babu na'ura, kunne ma yana yi. Danne ta shida a gaɓa ta 5, sautin ya zo daidai da ta biyar a sake. Haka za ka bi sauran, sai dai ta uku, ita a gaɓa ta 4 ake danne ta don a sami ta biyu.

Kana gamawa za ka tarar ta farkon da ka saita ta riga ta sauka. Ba lalacewa ba ce. Sabuwar tsirkiya sai ta miƙe, naɗin kuma sai ya zauna. Sa yatsu a ƙarƙashinta wajen gaɓa ta 12, ka ja ta sama a hankali, ka bi tsawonta, ka sake saiti. Maimaita sau uku ko huɗu har allura ta daina sauka. Ta ƙarfe takan natsu a ranar, ta nailan kuwa sai ta ɗauki kwanaki tana ja maka rai. Akwai tsohuwar zolayar da makaɗa ke yi wa junansu, wai rabin rayuwar mai jita a saiti take ƙarewa, sauran rabin kuma a kiɗa ba saiti. Wanda bai ja tsirkiyarsa ba, shi aka yi wa ita.

Gwaji guda ya rage. Kaɗa kowace tsirkiya a sake, sannan ka danne ta a gaɓa ta 12. Na'ura ta nuna harafi ɗaya, allura a tsakiya. Idan sababbin tsirkiyoyi ne amma ta kauce sosai, ko kuma suna zizar ƙarafan wuya, matsalar ta jaki ce ko ta ƙarfen da ke cikin wuya. Wannan ƙarfen kada ka murɗa shi da ka, kai wa mai gyara.

Sai ka yanke rarar da ke kai, ka bar kamar milimita 3. Wasu na barin su suna reto wai ado ne, har ranar da ɗaya ta soki ɗan yatsa ko ta yaga jaka. Rubuta kwanan wata a bayan fakitin ka jefa a jakar jitar, ka riƙa goge tsirkiyoyin da tsumma duk in ka gama kiɗa. Tsofaffin kuma ka nannaɗe su wuri guda kafin ka zubar, ka tsince guntayen da ka yanke ɗaya bayan ɗaya, ka ƙirga su shida. Na shidan da ba ka gani ba, tafin ƙafarka ne zai gano shi da asuba.