Yadda Malami Zai Haɗa Tambayoyin Gwaji da Ƙirƙirarriyar Basira

Malam, in kana da waya da ɗan data, aikin nan ba zai ci maka rabin awa ba.

1. Buɗe manhajar ChatGPT ko Gemini, manhajojin ƙirƙirarriyar basira ne da kake rubuta musu tambaya su ba ka amsa.

2. Faɗa mata aji da darasi dalla-dalla. Misali: "Rubuta mini tambayoyi 10 da amsoshinsu kan kafuwar Daular Usmaniyya, don 'yan aji 2 na ƙaramar sakandare." Kada ka saka sunayen ɗalibai ko makinsu, amana ce a hannunka.

3. Nan aikin yake. Ɗauko littafin da kake koyarwa da shi, ka bi amsoshin ɗaya bayan ɗaya, don manhajar kan ƙago shekara ko suna ta faɗa kamar gaskiya. A misalinmu, an fara jihadi a 1804, Shehu Usmanu ya rasu a 1817, ɗansa Muhammadu Bello ya gaje shi a Sakkwato. Duk abin da ya saɓa, goge shi. Ba na son yaron da ya tashi kusa da Hubbare ya haddace kuskure daga bakin malaminsa.

4. Gyara Hausar, don sau da yawa takan fito da ƙamshin Turanci.

5. Kwafe a takarda tun caji bai ƙare ba.