Yadda za ka fara wa yaro atisayen ƙarfi a ƙauye ba tare da ka illata shi ba

Kwanakin baya bayan La'asar ina dawowa daga gona a nan ƙauyenmu ta wajen Ringim sai na tarar da yara su shida a gindin darbejiya, sun zuba siminti a gwangwanin fenti guda biyu sun soka rodi a tsakiya, wai ƙarfen ɗagawa kenan, wani ɗan ƙarami da bai wuce shekara 11 ba ya dage sai ya ɗaga kamar yadda yayansa ya ɗaga, bayansa ya lanƙwashe kamar baka, ya riƙe numfashi idonsa ya yi jawur. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta leƙo ta zana tana cewa "kai ɗan nan ajiye, tsumburewa za ka yi." Na ce Inna ki yi haƙuri, ajiyewar dai zai ajiye, amma ba maganar tsumburewa ba ce.

Tsoron nan na cewa ɗaga nauyi yana hana yaro tsawo duk mun taso da shi, amma likitocin yara sun duba ba su samu hakan ba in dai an yi shi bisa ƙa'ida. Akwai wani wuri mai taushi a ƙarshen dogayen ƙasusuwan yaro, ta nan ƙashi yake ƙara tsawo, kuma tabbas yana iya jin ciwo, amma abin da yake kawo haka shi ne nauyin da ya fi ƙarfinsa, da fizga, da gasar wa ya fi wa, ba babba a wurin. Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa ta yi 'yan shekara 5 zuwa 17 su samu aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum, sannan kwana 3 a sati a haɗa da abin da yake ƙarfafa tsoka da ƙashi.

Ƙashin nan shi ne ya fi damuna wallahi. Mafi yawan ƙarfin ƙashin mutum a yarinta da lokacin balaga yake tara shi, kamar mai cika rumbu da kaka, kuma ja da tsoka take yi wa ƙashi da tsalle-tsalle su suke sa shi ya yi ƙwari. 'Yan mata sun ma fi buƙata, don su ne ƙashinsu ya fi saurin rauni in girma ya zo. Ga kuma raguwar targaɗe da gocewar ƙashi wajen ƙwallo da langa da kokawa.

To ta ina za a fara? Yaron da ya kai shekara 7 ko 8, wanda in ka ce tsaya zai tsaya, in ka ce yi kaza zai bi, ya isa. Kar ka ba shi komai a hannu tukuna, nauyin jikinsa ya ishe shi. A fara da ɗumama jiki minti 5 zuwa 10, ɗan gudu sassarfa, juya kafaɗa, tsallen igiya. Sai tsuguno da tashi, ƙafa a buɗe daidai kafaɗa, diddige a ƙasa, baya a miƙe kamar zai zauna a turmi. Sai firesof, wato ya kifa ciki ya dafa ƙasa da hannu biyu yana tura jikinsa sama yana saukowa, in ya yi masa wuya ya dafa katanga ko ya sa gwiwa a tabarma. Sai rataya a reshe mai ƙwari wanda bai yi nisa da ƙasa ba, ya ja jikinsa sama in zai iya, in ba zai iya ba ya rataya kawai ya ƙirga goma. Kowanne sau 8 zuwa 15, a huta, a sake zagaye ɗaya ko biyu. Kwana 2 ko 3 a sati, ana tsallake rana, don a ranar hutun ne jiki yake ginuwa.

In ya iya yin 15 tsaf ba karkacewa, sai a ƙara nauyi kaɗan, kuma a nan jarka ta fi simintin nan sau dubu saboda ka san abin da ke ciki, lita 1 ta ruwa kilo 1 ce, robar lita 4 kilo 4, ka ƙara ka rage yadda ka ga dama, shi kuwa gwangwanin siminti ba wanda ya san nauyinsa kuma gefe ɗaya yakan rinjayi ɗaya. Ya fitar da numfashi lokacin ɗagawa, kar ya riƙe. Maganar gwada abu mafi nauyi da zai iya ɗagawa sau ɗaya, a bar ta sai jiki ya gama girma.

Wani zai ce ai yaranmu suna noma suna ɗiban ruwa, me za su yi da atisaye? Gaskiya suna da ƙarfi, ba musu. Amma jarka mai lita 25 a kan yarinya 'yar shekara 10 daga rijiya har gida wuya da gadon baya take dannewa, ba ta da sau nawa ba ta da hutu. A raba mata gida biyu. Ranar da aka yi huɗa ko sassabe kuma a bar yaro ya huta, ya riga ya yi nasa.

Kar ka sa rai ka ga ƙwanji a jikin ɗan firamare. Kafin balaga ƙarfin yana ƙaruwa ne saboda ƙwaƙwalwa da jijiyoyi suna koyon sarrafa tsokar, girman kuma sai ya balaga. Samarin ne nake jin tsoro, masu gaggawa, don Allah kar a bar su su sha ƙwaya ko su yi allurar ƙara tsoka, irin wannan ita ce take iya tsayar da tsawo da gaske, ta taɓa hanta da zuciya. Tiramol ma ɓoye ciwo kawai yake yi. Wake, awara, ƙuli-ƙuli, ƙwai in an samu, fura da nono, zogale, da barci isasshe, su ne kayan aikin.

Da bazara a yi da sassafe ko bayan La'asar a inuwa, ruwa a kusa. Mai sikila, ko farfaɗiya, ko ciwon zuciya, a fara kai shi asibiti a ji ta bakin ma'aikacin lafiya. In yaro ya ce gwiwa ko kafaɗa ko baya yana masa suka, a tsaya nan take, ba raki ba ne. Malaman makaranta kuma ina roƙonku ku daina mayar da tsallen kwaɗo horo, yaron da aka hora da abu ba zai so shi ba.

Yaran gindin darbejiyar nan yanzu mun yi da su Asabar da Litinin da Laraba, na karɓi rodin na jingine a zaure, ƙaramin jiya ya yi tsuguno 12 da robar lita 4 a ƙirji bayansa a miƙe, Inna tana zaune a kan tabarma tana ƙirga masa.