Yadda za ka tattara hankalinka a gasar harbin bindiga

A gasar bindigar iska ta mita 10, ɗigon da ke ba da maki goma faɗinsa rabin milimita ne kacal, kuma maharbi zai saki harsashi 60 cikin minti 75. Hannu ya riga ya iya wannan aiki tun a filin atisaye. Abin da ke kayar da mutum ranar gasa shi ne zuciya: ko ta koma kan harbin da ya wuce, ko ta riga shi zuwa karɓar lambar yabo.

Da farko, ka tsara wa kanka jerin abubuwan da za ka yi kafin kowane harbi, kuma kada ka taɓa sauya shi. Gyara tsayuwa, ɗura harsashi, ɗora kunci a gindin bindiga, duba lambar allon da za ka harba, numfashi, saiti, sannan danna kunamar bindiga. Wannan jeri shi ke ba zuciya aikin yi, ta rasa sararin yawo. Duba lambar allo ya yi kama da ƙaramin abu, amma ka tuna Matthew Emmons ɗan Amurka. A wasannin Olamfik na 2004 a Atens, yana kan gaba da tazara mai yawa a gasar mita 50, saura harsashi ɗaya ya ɗauki zinariya, sai ya harbi allon maƙwabcinsa. Aka ba shi sifili, ya ƙare a na takwas. Gwani ne na gaske, abin da ya sa labarin yake taɓa ni ke nan.

Na biyu, numfashi. Ka ja iska a hankali sau biyu ko uku daga ciki, ka fitar, ka tsaya a ɗan hutun nan da ke biyo bayan fitar da iska. Nan jiki ya fi natsuwa.

Na uku shi ne wanda a ganina ya fi kowanne wuya: ka koyi sauke bindiga. Idan ka riƙe numfashi ya haura daƙiƙa takwas zuwa goma harsashi bai fita ba, ido zai fara dishi-dishi, bakin bindiga ya fara rawa, yatsa ya ƙage. A nan ne wata murya za ta ce maka, “Kai dai danna, ka huta.” Kada ka saurare ta. Cire yatsa daga kunama, sauke, ka sake faro jerin daga tushe. Haka ma idan tunani ya faɗo maka ana tsakar saiti, ko da na maki goma ne. A zagayen neman gurbi lokaci ya isa. A zagayen ƙarshe ne ake ba da daƙiƙa 50 ga kowane harsashi, don haka can sai ka fara da wuri don ka bar wa kanka damar saukewa sau ɗaya.

Bayan harsashi ya fita, ka ci gaba da saiti na daƙiƙa ɗaya ko biyu, ka faɗa wa kanka inda kake jin ya sauka, kafin ka kalli na'urar da ke nuna maki. Idan ya ɓaci, ka ɗauki darasi guda, ka wuce. Lissafin jimillar maki a tsakiyar gasa kuwa, ka bar wa alƙalai.

Bugun zuciya zai ƙaru, hannu zai yi gumi, wannan ba alamar gazawa ba ce. Kada ka nemi maganinsa a ƙwaya: an haramta wa maharba magungunan rage bugun zuciya, kuma a kan haka aka ƙwace wa Kim Jong-su na Koriya ta Arewa lambobinsa biyu a Beijin a 2008. Maganinsa yana wajen atisaye. Ka riƙa harbi da agogo, ka sa abokanka su yi hayaniya a bayanka, ko ka yi ɗan gudu sannan ka ɗauki bindiga kana haki, ka bi jerin nan naka ɗaya bayan ɗaya.