Yadda ake rage ƙarfin siddabarun da ya danne tebur a Dungeons & Dragons

Mai siddabaru yana kai mataki na 5 a Dungeons & Dragons, tebur sai ya canza. A nan yake samun Fireball, siddabarun ƙwallon wuta, wanda ɓarnarsa ake lissafa ta da 'yan lido takwas masu fuska shida, tsaka-tsakinsu maki 28, kuma wutar tana cin duk wanda ke cikin ƙafa 20 daga inda ta faɗa. Mai takobi a wannan matakin sara biyu gare shi, in duka sun samu zai yi wajen maki 17, kan mutum ɗaya tak. Ni ke jan labari a teburinmu a Jidda, daren Alhamis bayan Isha'i, tunda Juma'a da Asabar ne hutu, kuma na sha ganin fuskar mai takobi idan an gama yaƙi bai ko ɗaga hannu ba. Wannan fuskar ce ta dame ni. (Ga wanda bai san wasan ba: tatsuniya ce da lissafi a takarda, babu kuɗi a ciki, babu wani surkulle da ake karantawa.)

Kada ka fara da taɓa siddabarun. Fara da duba hutu. Littafin mai jan labari na bugun 2014 ya gina lissafinsa a kan faɗa shida zuwa takwas a yini ɗaya na cikin labari, kafin dogon hutun da ke mayar wa kowa ƙarfinsa. Mu kuwa mutane ne masu aiki. Wani daga shago yake zuwa, wani sai ya gama kai fasinja, kafin a sha shayi a zauna dare ya yi nisa, faɗa ɗaya ko biyu ake samu a tashi. Sai a ce jarumai sun kwana. Mako mai zuwa mai siddabaru ya dawo da gurabensa cike, wato yawan siddabarun da zai iya jefawa kafin dogon hutu: huɗu na daraja ta ɗaya, uku na ta biyu, biyu na ta uku, darajar da Fireball yake. Me zai hana shi zazzage su duka a kan dodon farko?

Maganin yana da sauƙi. Tashin ku daga zama ba shi ne kwanan jarumai ba. Rubuta abin da kowa ya kashe, a ɗora daga nan in an dawo. In labarinku na doguwar tafiya ne, littafin nan yana da wata ƙa'ida ta zaɓi: gajeren hutu awa 8, dogon hutu kwana 7. Da ita Fireball biyu za su zama abin tattali, mai su zai riƙa tambayar kansa ko wannan faɗan ya kai. Sau da yawa daga nan matsalar ta ƙare, ba a canza ko layi ɗaya a takardar ɗan wasa ba.

Bayan hutu, sai fili. Abokan gaba masu hankali ba sa cunkushewa wuri ɗaya da zarar sun ga wuta ta farko. Raba su, wasu a kan rufi, wasu su zo daga baya a zagaye na biyu. Ka tuna ƙa'idar ta ce wutar tana kama duk abin da ke iya ƙonewa in ba a jikin mutum yake ba. Na taɓa kai faɗa cikin lungu irin na Balad, tsohuwar unguwar Jidda, gidaje manne da juna, tagogin katako a sama, iyalai a ciki. Mai siddabarunmu da kansa ya ajiye wutar ya nemi wata dabara. Abin da ba na so shi ne a wayi gari kowane dodo wuta ba ta cinsa. Ɗan wasa zai gane da shi ake, kuma yana da gaskiya in ransa ya ɓaci. Ka bar masa dare guda da zai ƙone rundunar ƙananan dodanni kaf, don abin da ya kawo shi ke nan.

Akwai dai siddabarun da laifin a rubutunsa yake. Silvery Barbs, wanda ya fito a 2021, shi ne misali. Daraja ta ɗaya ne, ana jefa shi ba sai layin mutum ya zo ba, yana tilasta wa wanda ya yi nasara ya sake jefa ɗan lido mai fuska 20 ya ɗauki ƙaramin, sannan ya ba wani abokin tafiya damar jefa biyu ya ɗauki babba. Dodon da ke da kashi 60 cikin ɗari na tsira sai ya koma kashi 36. Arha ce ta yi masa yawa. Wasu suna hana shi gaba ɗaya. Ni na mayar da shi daraja ta biyu, aikinsa na nan yadda yake, farashinsa ne ya hau. Haka nake yi da duk makamancinsa: a ƙara tsada, ko a ce sau ɗaya tsakanin hutu da hutu, ko a sa shi cikin masu buƙatar tattara hankali, yadda duka ɗaya zai iya warware shi. Zaɓi ɗaya a cikinsu, kada ka haɗa duka.

Kuma kada a yanke hukunci ana tsakiyar faɗa, a gaban mutane. Namu mai siddabarun ya girme ni, don haka bayan an watse na same shi shi kaɗai. Na ce, "Yaya, abin nan naka ya yi ƙarfi, yaran nan ba sa samun yin komai. In mun mayar da shi daraja ta biyu na zama uku mu gani fa? In bai yi maka ba, ka canza shi da wani, ba za ka rasa komai ba." Ya ce a gwada.

A zaman gwajin ka ajiye 'yar takarda gefe. Duk faɗa, rubuta zagaye nawa ya ɗauka, da wanda bai samu layi ba. In faɗa yana kai zagaye uku ko huɗu kuma kowa ya jefa ɗan lido, bar gyaran haka. In mai siddabarun ya daina amfani da abin kwata-kwata, ka matse da yawa, sai ka sassauta.