Kurakuran da masu hawan jini da ciwon suga suka fi yi a Kano, da yadda za a gyara su

Duk wanda ya taɓa zama a layin ganin likita a Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano zai ji magana ɗaya tana yawan fitowa daga bakin majinyata, wato cewa sun ji sauƙi ne shi ya sa suka ajiye magani. Wannan shi ne uban kurakurai, domin mun saba da cututtuka irin zazzaɓin cizon sauro, waɗanda ake shan maganinsu na kwana 3 a wuce wurin, sai muka ɗauka hawan jini da suga ma haka suke. Alhali kuwa ƙwayoyi irin amlodipine na hawan jini da metformin na suga danne ciwon kawai suke yi, ba sa fitar da shi daga jiki, kuma da zarar an daina sha sai ya koma inda yake. Jinin mutum yana iya wuce 140/90, wato awon da daga shi ake cewa jini ya hau, da nisa ba tare da ko ciwon kai ba, har ranar da za a wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye ko ƙodarsa ta tsaya. Gyaran shi ne a bar awo ya yanke hukunci maimakon yadda ake jin jiki. A tanadi ɗan littafi, a riƙa rubuta kwanan wata da abin da na'ura ta nuna, a tafi da shi duk ranar ganin likita. Idan kuma tsadar magani ce ta hana sha, a faɗa wa likitan ƙarara, domin sau da yawa akwai mai rahusa da zai yi aiki iri ɗaya, kuma hakan ya fi raba ƙwaya biyu ko sha yau a tsallake gobe.

Daga nan sai batun abinci, inda ruɗani ya fi yawa. Mai suga yakan bar sukari a shayi ya koma zuma, yana ganin ya tsira, alhali ita ma tana ɗaga sugan jini. Wani kuma ya bar tuwon shinkafa ya koma na alkama, amma ya ci malmala 3 a zama ɗaya, ya kora da fura mai sukari ko zoɓon da aka zaƙaƙa. A ganina yawan abin da aka ci ya fi sunan hatsin muhimmanci, don haka a rage malmala, a yawaita miyar ganye, da zogale, da wake, a kuma daina tsallake abinci bayan an sha magani. Mai hawan jini kuwa yakan ce ya rage gishiri, amma ya manta da dunƙulen magin da aka marmasa a miya da wanda ke cikin yajin tsire da kilishi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, kimanin ƙaramin cokali ɗaya ke nan, kuma har da na cikin magin ake lissafawa.

Akwai kuma ɗabi'ar shiga kemis a sayi diclofenac ko ibuprofen saboda ciwon jiki a yi ta sha makonni, alhali suna ɗaga jini suna kuma gajiyar da ƙoda. Haka nan jiƙe-jiƙen da ake tallatawa da lasifika a bakin kasuwa, ana cewa suna warkar da suga gaba ɗaya, bai kamata su maye gurbin maganin asibiti ba, kuma duk wanda yake shan su ya sanar da likitansa.

Zafin Kano a watannin Maris zuwa Mayu yakan haura digiri 40, kuma insulin, wato ruwan allurar masu suga, ba ya jure wannan. Ana ajiye shi ne a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba a wajen ƙanƙara ba, domin wanda ya daskare ya lalace. Inda wuta ba ta zama, a sa kwalbar a ƙaramin mazubi mai murfi, a binne shi cikin jiƙaƙƙen yashi a tukunyar ƙasa, a ajiye a inuwa.

Azumi ma yana buƙatar shiri tun kafin a ga wata, saboda akan canza lokacin shan magani da yawansa tsakanin sahur da buɗa-baki. Wanda sugansa ya sauka ƙasa da 70 mg/dL a na'urar awo, ko ya ji gumi da rawar jiki da jiri, ya karya azumin nan take da abu mai zaƙi, ko da saura kaɗan a kira magariba, tunda shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame.

Abin da aka fi mantawa da shi kuwa shi ne ƙafa. Suga yana kashe jijiyoyin ji a tafin ƙafa, har mutum ya taka ƙusa ko ya tsaya kan zazzafan daɓen harabar masallaci ranar Juma'a bai sani ba, sai gyambo ya kama. Bayan kowace alwala a tsane tsakanin yatsu, kullum da dare a duba tafin ƙafa ko a sa wani na gida ya duba, kada kuma a miƙa ƙafa ga masu yankan farce na kan hanya. Duk raunin da aka gani, komai ƙanƙantarsa, a kai shi asibiti a ranar.